Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Manyan Malaman Ilimin Halayyar Ɗan'adam, Editocin Mujallu Da Masu Raba Tallafin Bincike

Assalamu alaikum, iyayenmu kuma malamanmu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Allah Ya ƙara wa rayuwarku albarka. Ni ɗaya ce daga cikin waɗanda suka shigo wannan fage ba da jimawa ba. Na kammala digiri na uku, amma har yanzu aikin kwantiragi nake yi, kuma duk abin da nake sa ran samu nan gaba, tallafin bincike ne ko aikin dindindin ko 'yan shafuka a mujalla, sai ya bi ta teburinku. Mai irin matsayina ba ya gaggawar ɗaga murya a gaban manya. Abin da ya sa na rubuto a bainar jama'a shi ne, maganar da nake son in amsa a asirce ake faɗa mana ita, ɗaya bayan ɗaya, a ofis ko a gefen zauren taro, har kowannenmu ya ɗauka shi kaɗai aka faɗa wa.

Da zarar matashin mai bincike ya ce abin da ke ransa shi ne jinsi, da haƙƙin mata, da yadda rashin adalci ke ratsa tunanin mutane da lafiyar ƙwaƙwalwarsu, sai a ja shi gefe a ce ya jingine wannan tukuna. Ya fara gina suna da kimiyya ta gaskiya, in ya samu kujera sai ya yi abin da ransa ke so. Wani lokacin a takardar masu tantance maƙala take zuwa, a ce aikin ya yi kama da fafutuka, ko a ce batun ya fi dacewa da wata 'yar mujalla ta mata. Na san da yawanku tausayinmu ne ya sa kuke faɗin haka, don kun san yadda harkar take. Sai dai shawarar ta ginu ne a kan wani zato, wato wanda ya damu da adalci ya shigo ɗakin gwaji da son zuciya, wanda bai damu ba kuwa ya shigo da zuciya fes. Tarihin da ku da kanku kuka koya mana bai goyi bayan wannan zato ba.

A shekarar 1873 wani likita da ya koyar a Jami'ar Harvard, Edward Clarke, ya yaɗa ra'ayin cewa karatu mai zurfi yana janye ƙarfin jikin mace daga mahaifa zuwa ƙwaƙwalwa, har ya nakasa ta. Masana suka rungumi maganar, kuma ba wanda ya kira shi ɗan fafutuka. Haka aka daɗe ana koyar da cewa jinin al'ada yana dusashe basirar mace na wasu kwanaki kowane wata, don haka kada a damƙa mata aiki mai nauyi. Wadda ta tashi ta auna abin ita ce Leta Hollingworth, matar da dokar birnin New York ta hana koyarwa a makarantun gwamnati don kawai tana da aure. Ta ɗauki mata 23 da maza 2, ta riƙa gwada saurin hannunsu da kaifin tunaninsu na tsawon watanni, ta fitar da sakamakon a 1914: ba ta ga wani dusashewa da ke bin kwanakin al'ada ba. A shekarar ce kuma ita da Helen Montague suka duba awon jarirai 2,000, rabi maza rabi mata, don gwada iƙirarin cewa maza sun fi mata bambanta a tsakaninsu tun daga haihuwa, iƙirarin da ake kafa hujja da shi a ce shi ya sa haziƙai suka fi yawa a cikin maza. Awon bai nuna haka ba. Hollingworth 'yar rajin ba mata ƙuri'a ce, ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ku duba da kyau, wa ya yi kimiyya a nan? Wanda ya zauna ya yi shaci-faɗi a kan mahaifa, ko wadda ta ɗauko agogo da takarda?

Akwai wani abu a labarinta da ya shafe ku kai tsaye. Malamin da ya duba aikinta a Jami'ar Columbia shi ne Edward Thorndike, wanda shi kansa yana cikin masu riƙe da ra'ayin bambancin maza ɗin nan. Bai ce mata ta jira sai ta samu kujera ba. Ya bar ɗalibarsa ta gwada abin da shi ya yarda da shi. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, kuma abin da muke roƙo a wurinku bai wuce abin da shi ya yi ba.

Kafin ita ma, Helen Thompson Woolley ta gwada ɗalibai maza 25 da mata 25 a Jami'ar Shikago, ta wallafa a 1903, ta ga kamancin da ke tsakaninsu ya rinjayi bambancin nesa ba kusa ba. A 1910 ta yi bitar abin da aka rubuta a kan bambancin jinsi, ta ce da wuya a samu wani fage mai iƙirarin kimiyya da son zuciya ya yi wa katutu kamar wannan. Ita kuwa Mary Whiton Calkins, ta cika duk sharuɗɗan digiri na uku a Harvard a 1895, malaminta William James ya yaba mata, jami'ar ta hana ta digirin saboda mace ce. Shekara goma bayan haka ta zama shugabar Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka ba tare da digirin ba.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne. To mu matso kusa. Matakan girman tunanin ɗa'a na Lawrence Kohlberg, wato yadda mutum ke girma wajen bambance daidai da kuskure, waɗanda har gobe ake haddace wa ɗalibai, sun samo asali ne daga hira da yara 72 a Shikago, kuma dukkansu maza ne. A shekarar 2000 Shelley Taylor da abokan aikinta suka lura cewa kafin 1995, mata kusan kashi 17 cikin 100 ne kacal na mutanen da aka gwada a ɗakunan gwaji kan yadda jiki ke amsa damuwa. Hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce sinadaran jikin mace suna hawa da sauka, za su dagula lissafi. Sai aka cire rabin 'yan'adam don lissafi ya yi kyau, aka kira abin da ya rage halin ɗan'adam. A 1970 Inge Broverman da abokanta suka nemi likitoci da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa su 79 su siffanta lafiyayyen namiji, da lafiyayyar mace, da lafiyayyen baligi ba tare da an ambaci jinsi ba. Siffar baligin ta fito kusan daidai da ta namijin. Ita lafiyayyar macen kuwa, an siffanta ta da saurin miƙa wuya da saurin ɗaukar zafi da ƙarancin dogaro da kai. An soki tsarin tambayoyin binciken daga baya, kuma sukar tana da tushe, amma tambayar da ya ɗago tana nan: da awon wa muke aiki? Telan da ya auna mutum ɗaya ya yanka wa kowa riga da wannan awo, in rigar ta ƙi zama wa mace, bai kamata ya rubuta cewa jikinta ne ya karkace ba.

Sai da majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1993 kafin shigar da mata cikin gwajin lafiya da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa ya zama tilas. Matsin lambar masu fafutuka na cikin abin da ya kawo dokar, kuma yau ba na jin akwai wani a cikinku da zai ce a koma yadda ake a da.

Mu ma da ke wannan ɓangare an yi mana irin wannan gyara, daga cikin gida. Lokacin da aka fara cewa a saka mata, matan da aka saka mafi yawansu farare ne 'yan jami'a a ƙasashe masu arziki. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida a 2008, kuma daga alƙalumansa Joseph Henrich da abokansa suka nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin 100 kawai na al'ummar duniya. Masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta nuna a 1989 yadda baƙar mace ke faɗawa a tsakani: kotu ta duba ta ga kamfani yana ɗaukar mata, farare, yana kuma ɗaukar baƙaƙe, maza, sai ta ce babu wariya. Wannan darasi ne na lissafi kafin ya zama na siyasa. In ka raba bayananka gida biyu ta jinsi, ka sake raba su gida biyu ta launin fata ko ta dukiya, ba ka haɗa rabon biyu ba, akwai mutanen da ba za ka taɓa ganinsu ba. Ita Mamie Phipps Clark, wadda daga kundin digirinta na biyu aka faro gwajin 'yar tsana da ita da mijinta Kenneth suka yi da yara baƙaƙe, inda ake nuna musu 'yar tsana fara da baƙa a ce su zaɓa, ba ta taɓa cewa ba ruwanta da sakamakon wariya ba. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu ta launin fata. Yanzu hotonsu muke sawa a littattafan 'yan aji ɗaya muna alfahari.

To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ba zan zo gabanku in yi kamar ɓangarenmu ba shi da tabo ba. Akwai sakamakon da muka so ƙwarai, muka yaɗa shi a tarurruka da jaridu, ya zo bai tsaya da ƙafarsa ba. Binciken 1999 da ya nuna cewa tuna wa mace zancen "mata ba su iya lissafi ba" yana rage mata maki ya shiga kusan kowane littafi. Da Paulette Flore da abokanta suka sake gwada shi a 2018 da ɗaliban sakandare sama da 2,000 a ƙasar Holan, bayan sun yi rajistar tsarinsu tun kafin su fara, ba su ga tasirin ba. Binciken 2010 da ya ce tsayuwar isa ta minti biyu, wato mutum ya baje jiki ya tsaya kamar mai iko, tana canza sinadaran jiki, wanda aka riƙa tallata wa mata masu zuwa neman aiki, mutum 42 kawai aka gwada a cikinsa. Da aka maimaita da mutum 200 a 2015 canjin sinadaran bai bayyana ba, kuma a 2016 Dana Carney, wadda sunanta ne farko a maƙalar, ta fito ta ce ita kam ta daina yarda da shi. Iƙirarin Carol Gilligan na 1982 cewa mata suna da tasu hanyar bambance daidai da kuskure dabam da ta maza ya yi daɗin ji, amma da Sara Jaffee da Janet Hyde suka tattara bincike-binciken da aka yi a kai a 2000, bambancin ƙarami ne. Ko a batun ɗaukar aiki hujjoji ba su tafi hanya ɗaya ba. A 2012 Corinne Moss-Racusin ta aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya, wasu da sunan John wasu da sunan Jennifer, aka fi ganin cancantar John, aka yanka masa albashin da ya fi na Jennifer da kusan dala 4,000, kuma malamai mata ma haka suka yi. A 2015 kuma Wendy Williams da Stephen Ceci suka yi nasu gwajin a kan ɗaukar malaman jami'a, suka ga an fi zaɓar mace. Duk wanda ya kawo ɗaya ya ɓoye ɗaya ya ci amanar mai karatu, ko da wane ɓangare yake.

Abin da nake so ku lura da shi biyu ne. Na farko, wannan girgiza ba mu kaɗai ta taɓa ba. A 2015 aka sake gwada bincike 100 daga manyan mujallu uku, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Shahararren ra'ayin nan cewa ƙarfin kame kai yana ƙarewa in an yi amfani da shi, ɗakunan gwaji 23 suka haɗu a kansa a 2016, suka tashi kusan hannu rabbana. Ban ji an ja wani matashi gefe an ce ya bar nazarin kame kai don fagen ya gurɓata ba. An ce ne a ƙara yawan mutanen da ake gwadawa, a gyara hanya. Laifi tudu ne. Na biyu, ku dubi su wa suka yi gyaran. Janet Hyde da ta rage wa iƙirarin Gilligan tsawo ta shafe rayuwarta tana nazarin mata, kuma ba ta ɓoye inda ta tsaya ba. Ita ce a 2005 ta tattara manyan nazarce-nazarce 46, ta nuna cewa kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen da aka auna tsakanin maza da mata ƙanana ne ko kusan babu. Inda bambancin yake da girma, kamar ƙarfin jifa da nisansa, ta faɗa ba ta ɓoye ba. Damuwa da adalci ita ta kai ta ga tambayar, amma lissafi ne ya ba ta amsa.

Ga wani abu kuma da ake yawan mantawa: nazarin jinsi ba na mata ba ne kaɗai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ciwon baƙin ciki mai tsanani ya fi yawa a mata, amma mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Yaron da aka raina a kan cewa namiji ba ya kuka, ba ya kai ƙara, ba ya cewa na gaza, shi ne magidancin da ba zai je wurin likita ba sai abu ya ƙazanta. Wanda zai gano yadda za a kai ga wannan mutum, dole ya yi nazarin abin da al'umma ke ɗora wa namiji, da kayan aikin da masu nazarin mata suka ƙera.

Yanzu ga abin da ke hannunku. Ku editoci, ku buɗe ƙofa ga tsarin da mujallar Cortex ta fara a 2013, inda ake tantance tambaya da hanyar bincike kafin a tattara bayanai, a yi alƙawarin bugawa ko me sakamakon ya nuna. Babu abin da ya fi wannan maganin zargin son zuciya, kuma mu ne muka fi kowa buƙatarsa, don yana ɗaure hannunmu tun kafin mu san amsa. Ku kuma daina mayar da maƙalar da ta ce ba ta ga bambanci tsakanin maza da mata ba da hujjar wai ba ta gano komai ba. In kuna buga "an samu bambanci" kuna ajiye "ba a samu ba", ku ne kuke ƙera giɓin da ɗalibai za su haddace. Sannan a yi adalci wajen take: binciken da aka yi da 'yan jami'a ɗari biyu a ƙasa ɗaya mai arziki yana fitowa da take a kan "mutane", namu kuwa sai an tilasta mana rubuta sunan ƙasa da jinsi da sana'a a taken, kamar waɗanda muka yi hira da su ba cikakkun mutane ba ne. Ko kowa ya rubuta, ko kowa ya bari.

Ku masu raba tallafi, maganar da nake da ita da ku ta lokaci ce. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 a kan cin zarafin mata ya ƙunshi hira da mata sama da 24,000 a ƙasashe 10. Ya gano cewa matan da abokin zama ya taɓa duka ko ya tilasta wa kwanciya sun kama daga kashi 15 cikin 100 a wani birni na Japan zuwa kashi 71 a wani yankin karkara na Habasha. Tazara irin wannan ita ke nuna cewa abin yana da dalilan da za a iya ganowa a kuma canza. Amma kafin a samu waɗannan alƙaluma sai da aka shafe makonni ana horar da masu yin hirar, aka tabbatar ba a yi wa mace tambaya a gaban kowa ba, aka tanadi inda za a tura wadda ta buƙaci taimako. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa cikin wata shida. Abokin karatuna da ke tura tambayoyi ta intanet zai fitar da maƙala huɗu kafin in samu izinin kwamitin ɗa'a da amincewar mutanen da zan zauna da su. In a ƙarshe maƙalu za ku ƙirga, kun riga kun yanke wa zai zauna a fagen da wa zai bar shi, ba tare da kun karanta layi ɗaya ba. Ku sa kuɗin horo, da na fassara, da na komawa a gaya wa mutane abin da aka gano, cikin abin da tallafi ke biya.

Ku shugabannin sassa, ku dubi wa kuke turawa kwamitin daidaito, wa ke sauraron ɗalibar da aka ci zarafinta, wa ke rubuta rahoton da ba a lissafa shi ranar ƙarin girma. Linda Babcock da abokanta sun nuna a 2017 cewa mata aka fi roƙa su yi irin wannan aiki, kuma su suka fi amsawa. Sau da yawa ƙaramar ma'aikaciyar da aka ce wa bincikenta fafutuka ne, ita ake ɗora wa duk fafutukar sashen kyauta. Kuma ranar da aikin ɗayanmu ya fita jarida, aka taso masa da zagi da barazana a kafafen sada zumunta, kada ku ce masa ya kashe waya ya yi haƙuri. Mai kwantiragin shekara ɗaya ba shi da bangon jingina sai ku.

A 2021 ƙungiyar da Calkins ta taɓa shugabanta ta fito ta nemi gafara a hukumance kan rawar da ilimin halayyar ɗan'adam ya taka wajen ƙarfafa wariyar launin fata. Matakin ya yi kyau. Sai dai waɗanda suka faɗi wannan gaskiya tun suna matasa, da yawansu sun rasu ba su ji an nemi gafarar ba, wasu kuma sun bar fagen tun da wuri. Ɗalibi na gaba da zai shigo ofishinku da tambaya a kan jinsi ko talauci ko wariya, ku tambaye shi mutum nawa zai gwada, da wane ma'auni, kuma wane sakamako ne zai sa ya yarda hasashensa ya faɗi. In ya kasa amsawa, ku mayar da shi ya sake shiri, kamar yadda za ku yi wa mai nazarin gani ko tunawa. In ya amsa, ku sa masa hannu.

Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Taku ɗaliba,
Wata ƙaramar mai bincike a ilimin halayyar ɗan'adam